Irin Maiwar Baba

A sitona akwai shinkafa 'yar waje, da fulawar da aka ce alkamarta sai da ta ratso teku, ga doyar Binuwai, ga dankalin Jos. Duk sanda Baba ya zo gidana a Gwallameji sai ya leƙa ya ce, "Kai! Cikinki ya zaga duniya, ke ko Kaduna ba ki wuce ba." A da, dariya nake yi. Yanzu in na tuna, ba ya ba ni dariya.

Baba baduku ne a Ƙofar Dumi, amma ransa na gonarsa ta Tirwun. Maiwa yake nomawa, irin da ya gada wurin kakanmu. Kowace kaka, kafin a ɗaure dami, sai ya bi gonar da wuƙa yana zaɓen zangarniya masu kauri, ya ware na iri. Kuma ba ya ajiye su wuri guda. Wasu a ɗakinsa, wasu wurin ƙanwarsa, Gwaggo, wasu ya kawo mini in rataye a kicin don hayaƙi ya kori ƙwari. Na ce, "Baba, ai da gas nake girki." Ya harare ni ya ce, "Allah Ya kyauta. Rataye dai."

Wata rana ɗana ya nuna masa gonakin Turai a waya: alkama iyakar ganinka, inji ɗaya na girbi, babu ɗan Adam ko guda. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To wa ke zaɓar musu iri?" Yaron ya ce saye suke yi kowace shekara. Baba ya miƙa masa wayarsa.

A shekarar ne ruwan farko ya yaudare shi. Aka tafka shi kamar da bakin ƙwarya, ya yi shuka, ruwa ya ɗauke, tsiro ya ƙone. Ya karɓo na wurin Gwaggo ya sake, shi ma haka. Hankalina ya tashi, na ciro nawa na hau keke mai ƙafa uku har Tirwun. Na same shi tsaye a tsakiyar gona, gidajen bulo sun kewaye ta ta ko'ina. Ya dubi abin da ke hannuna ya ce, "Mayar. In wannan ma ya tafi, shi ke nan."

Bai ga wata damina ba, Allah Ya jiƙansa. Yayyena suka sayar da gonar, ni ma na sa hannu, don ba mai nomawa a cikinmu. Bene ne a wurin yanzu.

Abin da ke hana ni sakat shi ne, iri abu ne mai rai, tsufa yake yi. Tsakar gidana duk siminti ne. Na gwada shuka wanda ke wurina a bokiti, tsuntsaye suka cinye tun ƙwayar na ruwa-ruwa. Na roƙi wani abokin aikina mai gona, ya ce, "Hajiya, maiwa kuma? Ta cika daɗewa a gona, masarar kamfani muke yi." Wallahi kamar in yi kuka a ofis.

Duk shekara gab da damina nakan murje ƙwaya kaɗan in nannaɗe a jiƙaƙƙen tsumma, in ga ko da sauran rai. Da farko kusan duka ke tsirowa. Bana na jiƙa cikin tafin hannu, biyu kacal suka fito.

Saura zangarniya ɗaya a rataye, ga hadari ya fara haɗowa daga gabas. Wata maƙwabciya ta ba ni aron ɗan fili a bayan katangarta. In na shuka ruwa ya ɗauke, shi ke nan. In na ajiye zuwa baɗi ma, shi ke nan. Baba ya samu wadda zai ce wa ta mayar. Ni wa zan ce wa?