Ƙanwata, wadda aka kira raguwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da ƙarfe biyu na rana, Allah ya karɓi ranki a kan gadon tiyata, ƙanwata, autar mahaifiyarmu.

Ke ce kika ɓalle ƙofar maƙwabcinku da taɓarya ranar da ya kulle matarsa yana jibga, kika fito da ita jina-jina, kika ɗaure mata kai da ɗankwalinki. Ke ce kika goya ɗalibarki da babur ya buge, kika ruga da ita asibiti ba takalmi. Amma don an yi miki aiki a haihuwar fari, matan layinku suka sa miki suna raguwa. Kika yi dariya a gabansu, kika zo ɗakina kika yi kuka.

Da kika sake samun ciki, likita bai hana ki haihuwa da kanki ba. Cewa ya yi, "Mata da yawa suna haihuwa lafiya bayan aiki. Amma naƙuda na farawa ki taho nan, kusa da ɗakin tiyata." Kika ce mini, "Yaya, in na je, sake yanka ni za su yi." Na ce ki je. Ban matsa miki ba, wannan kuwa zai bi ni har kabari.

A gida kika durƙusa. Da naƙuda ta ja, aka kira mai kemis ya yi miki allurar ƙarin naƙuda har biyu. Ina shiga na tarar da wata mata a kanki, tana danna cikin da gwiwar hannu. Kika ƙwala ƙara ɗaya, sai ciwon ya tsaya cak. Matan da ke ɗakin suka ce sauƙi ya samu. Ashe tsohon ɗinkin ne ya yage. Na hankaɗe matar har ta bugi bango, muka kinkime ki zuwa mota, jini ya jiƙe mini zane, kina ta cewa, "Yaya, ba ya motsi."

An ciro yaron ba rai. Likitoci sun yi awa uku a kanki, jinin ya ƙi tsayawa.

Allah ya jiƙan ki, ya karɓi shahadarki, ya haɗa ki da ɗanki a Aljanna. Ina yi wa Inna da mijinki ta'aziyya, Allah ya ba su haƙuri. Allah ya raya 'yarki mai shekara uku, wadda har yau take matsawa gefe a kan katifa, wai kada ki dawo ki rasa wurin kwanciya.