Mai Hoto na Ƙofar Makaranta

Shekara ashirin da shida ke nan yana ɗaukar hoto a wani ɗan shago daura da ƙofar makarantar sakandare. Ba mai kiran sunansa. Mai Hoto kawai ake cewa, har matarsa in ta so tsokana. Kayan aikinsa ba yawa: kyamara, farin labule, benci guda, da wata baƙar kwat da yake ara wa wanda ya zo da riga a yamutse.

Tun da wayoyi suka yawaita, aiki ya ja baya. Abin da ya rage masa shi ne ƙananan hotunan rajistar jarrabawa da na fasfo. Ɗalibai kan cika bencin in an tashi, suna musu kafin inji ya fitar da hotunansu. A da musun ƙwallo ne. Yanzu kuwa sai zancen tafiya: wace ƙasa ke karɓar mutane, wace ta rufe ƙofa, ko takardar makaranta tana da sauran amfani tunda yayyensu sun gama suna zaune a gida. Shi dai nasa ya ce a ɗaga haɓa, a daina motsi. Ya gaji da ba da shawara. Babban ɗansa ma ya ba shi, ba ta hana shi tafiya ba. Yana can wata ƙasa yana wanke motoci, sai ya ga dama yake bugo waya.

Wata rana wani dogon ɗalibi ya dage cewa gwamnati ta kori baƙin da suka cika gari, wai su suka ƙwace aikin gini da dako. Auta, 'yar Mai Hoto mai shekara goma sha shida, tana bayan tebur tana yanka hotuna da almakashi. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Yayana ma baƙo ne a inda yake. Shi ma a koro shi?"

Ɗalibin ya ce wannan daban ne. Ta tambaye shi ta ina, ya kasa faɗa, aka kwashe da dariya. Mai Hoto bai yi ba.

Da suka watse ya tambaye ta ko ita ma tafiyar take so. Ta ce aikin jinya take son karantawa, kuma a nan take son yi, amma zango biyu ke nan ajinsu ba malamin kimiyya. Shi ma ya bar ƙasar.

"To Baba, in na zauna wa zai koya mini?"

Washegari ya tsallaka titi wajen shugaban makaranta. Ya yi jiran awa biyu, aka ce masa an rubuta takarda sama, ana sauraron amsa.

Yanzu duk Asabar da rana yana rufe shago, su hau bas zuwa can ƙarshen gari, gidan wata tsohuwar malama da ta yarda ta koya wa Auta, shi kuma ya gyara mata tsofaffin hotunan iyalinta. Yakan zauna a baranda yana jin muryoyinsu ta taga, gwiwoyinsa na ciwo, har gyangyaɗi ya ɗauke shi.