Ɗaya Kuncin Sarkin Rum

Ko tsufa zai kwashe min komai, ba zan manta ranar da na yi gyaran gemun sarkin Rum a unguwar Bronx, can Amurka, ba.

Lokacin ban daɗe da zuwa daga Kano ba, wanke-wanke nake a wani gidan abinci, aikin ya ishe ni har wuya. Wani dattijo ɗan Kumasi mai shagon aski a titin Grand Concourse ya yarda ya gwada ni. Ya ce, "Ka yi aiki mai kyau yau, chair ɗin nan naka ne. Ka ɓata, ka koma wurin plate ɗinka."

Sai ga tsohon kwastomansa, Ba'amurke, malamin tarihi da ya yi ritaya. Ya zaro wani ɗan sulen azurfa a gidan roba. Kan mutum ne a jiki, gashi a nannaɗe, gemu zagaye tsaf. Ya ce wannan ne sarkin Rum na farko da ya tara cikakken gemu, kuma irinsa yake so, don 'yarsa za a aurar.

Na ce a raina, wanzamin sarkin nan ya san aikinsa. Na jingina sulen da madubi, na bi kuncin dama a tsanake har maigida ya gyaɗa kai. Da na zo hagu, sai na juya sulen don in ga ɗaya kuncin. Ikon Allah! Wata mata ce tsaye da doguwar riga.

Na ce, "Maigida, ina sauran fuskar?"

Shago ya kwashe da dariya. Da aka fassara wa malamin, har hawaye ya yi don dariya. Ya ce, "Ɗana, kusan shekara dubu biyu ba wanda ya ga wancan kuncin a sulen nan. Kai za ka yi shi."

Na ajiye sulen, na dubi mutumin da kyau. Kuncinsa na hagu ya ɗan faɗa, sai na bar gashi ya cike wurin. Ya daɗe yana kallon madubi, ya ce hagun ya fi na sarki.

Maigida ya ce, "Ɗan Kano, gobe ka zo da wuri." Daɗi kamar ya kashe ni.

Ranar na gane cewa duk abin da kake kwaikwayo rabi kawai zai nuna maka. Ragowar sai ka dubi wanda ke zaune gabanka, ka yi da hannunka.