Jinin Malam Ummaru da Na Tura Ba Ƙanƙara

Ina tsakiyar ɗibar jinin wata mai ciki, ranar Talata da hantsi, wayata ta yi ƙara. Hajiya Kulu ce, matar Malam Ummaru, maigidana a wurin aiki. "Nasiru, babanka ya cika," ta ce. Na yi salati, na ƙarasa ɗibar, na rubuta sunan matar a jikin kwalba, sannan na zagaya bayan ɗaki na yi kuka.

Shekara tara na yi a ƙarƙashinsa, a ɗakin gwajin jini na wani ƙaramin asibiti a Wurno. Mutum ne mai tsanani a kan aiki, mai taushi ga marar lafiya. In makiyayi ya zo daga Kwargaba yana ɓoye hannu, sai Malam ya nuna masa kwalbar ya ce, "Ɗan wanga kaɗai za mu ɗiba, ko sauro ya hi mu ci." Mu kuwa kullum abu ɗaya yake nanata mana: "Jinin mutane amana na." Duk jinin da za a tura Sakkwato, da ƙafarsa yake bin masu sayar da zoɓo neman ƙanƙarar da za a sa shi ciki.

Ya daɗe yana shan maganin ciwon suga. Bara ƙafafunsa suka fara mutuwa, mantuwa ta kama shi. Wani likita ya ce a gwada homosistin, wani sinadari a jini da kan hau idan jiki ya rasa bitamin B12, kuma hawansa na tafiya da toshewar jijiyoyi da shanyewar jiki. Ba ma yin gwajin a wurinmu. Ni na ɗebi jinin. Ranar kwana uku ke nan ba wuta, ko'ina ba ƙanƙara, direban motar Sakkwato yana ta kirana daga tasha. Na naɗe kwalbar a jiƙaƙƙen tsumma na miƙa masa. Motar ta tsaya lodin albasa a hanya, sai la'asar ta isa.

Sakamako ya dawo, adadin ya hau ƙwarai. Malam ya duba takardar, ya dube ni.

"Da ƙanƙara kat tura shi?"

Na sunkuyar da kai.

"To mi kaka so ya nuna? Zahi na. Jinin da yas sha rana ƙarya yaka yi."

Gaskiya ya faɗa, zafi na sa adadin ya hau a cikin kwalba. Ya linke takardar ya sa aljihu. Wanda bai san komai ba, da ya ga wannan lamba zai ruga wurin likita a firgice. Mu masana, iliminmu ya ba mu hujjar zama. Wannan ne ke ci mini rai.

Sau uku ina zuwa masa da sirinji don a sake. Sau biyu ya ce, "Sallami mutane tukuna." Na ukun ya ce in bari ya cire albasarsa ta Goronyo. Da wani ne, da na kama hannunsa na ɗaure, ko yana zagina. Amma malamina ne, na ji nauyi, na mayar da sirinjin. A gonar albasar ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, ya yi kwana shida ba ya iya magana, sannan ya cika.

A zaman makoki dattawa suna dafa kafaɗata suna cewa, "Ka yi mai biyayya, Allah shi yi maka albarka." Ban taɓa jin yabo mai ɗaci irin wannan ba. Likitan ya ce ba wanda zai iya rantsewa cewa sake gwajin zai hana abin da ya faru, kuma na san ajali ba ya jinkiri. Duk da haka, ni na ba Malam dalilin ƙin yarda da takardar, ni kuma na kasa tilasta masa ya samu wata.

Allah ya jiƙan Malam Ummaru, ya haskaka kabarinsa, ya sa ciwon ya zama kaffara, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba iyalinsa haƙuri, ya raya marayun da ya bari. Ni kuma Allah ya yafe mini, ya ba ni ƙarfin zuciyar da zan durƙusa gaban Hajiya in faɗa mata wannan da bakina, don har yau cewa take na fi kowa kula da mijinta.