Jelani, wanda yas sa dattawa cin ɗanyar albasa gaban waya

Kowace safiya, da an sallame Asuba, Jelani kan tada tsohon mashin ɗinsa ya nufi fadamar Kwargaba. Akwai wani tudu bakin hanyar ruwa inda sabis ke kamawa. Nan zai tsaya ya duba ruwan da anka sako daga dam ɗin Goronyo, ya kira kasuwa ya ji farashi, sannan ya danna waya: "Jama'ar noman rani, Jelani ne. Ga abin da nig gani, ga kuma wanda anka gaya min ban gani ba." Kafin rana ta yi zafi muryar ta kai Magarya, ta kai Rimawa, ta shiga Rabah.

Shi ne kakakin ƙungiyarmu ta manoman albasa. Da lasifika ɗaure bayan keke yaf fara, yau ga shi a Wasap. Wanga wata yac ce ido ya rage, zai aje aikin. Ni ban yi boko mai nisa ba, kuma ban iya yabon banza ba. Abin da anka yi gabana shi zan faɗa.

Bara waccan, albasa na cike da rudu, wato rumfar ciyawar da muke adana ta ciki, sai wani bidiyo yab bazu. Wani ne da ba a ganin fuskarsa shina fesa maganin ƙwari bisa albasa, an rubuta wai tamu ce. Dillalan Kudu sunka tsai da motoci. Ita kuwa albasa ba ta jiran a gama gardama. Ta fara tsiro, ta ƙasa ta fara wari. Wahalar rani guda kenan ke shirin zama taki.

Munka taru. Shugabanmu, Alhaji Maccido, yac ce, "Jelani, shiga wayar nan ka ce ƙarya ce, aikin mahassada ne. Ka haɗa da rantsuwa."

"Baba Alhaji, in rantse ma manoman Wurno da Rabah da Goronyo duka? Na shiga rudun kowa?"

"To mi za mu yi? Mu zauna ta ruɓe?"

"A'a. Mu ci ta."

Washegari Jelani yak kira babbar dillaliyarmu ta Kudu, wadda muke ce ma Madam, kira irin na ana ganin juna. Ita za ta nuna rudun da taka so, ita za ta ce a zaro daga ina, mai kayan ya ciza gabanta ba wanki. Alhaji Maccido anka fara da shi. Madam tac ce ba ta sama ba, ta can ƙasa. Dattijo ya ciza, hawaye na bin gemu.

Lawwali, abokin wasansa, yac ce, "Alhaji, wa ya rasu?"

"Jira, ɗan nema, rudunka ne na gaba."

Ni biyu nic ci, don sabis ya yanke ina cikin ta farko.

Sai munka iso rudun Mu'azu, ƙanen uwar Jelani. Mu'azu yat tsaya bakin ƙofa.

"Yaro, ni za ka tsayar gaban waya kamar ɓarawo?"

"Kawu, cizo guda ne."

"Ba ni yi."

Ko girman kai ne, ko akwai abin da yas sani, har yau ban sani ba, kuma Jelani bai ɗora masa laifi ba. Wayar kawai yaj juya, yac ce, "Madam, wanga rudu na kawuna ne. Ba a buɗe ba, don haka ban sa bakina ba." Munka wuce.

Nan magana ta ƙare. Madam tac ce wanda bai rufa ma kawunsa ba, ba zai rufa ma wani ba. Ita da kanta tat tura ma sauran dillalai hotunan dattawanmu suna tauna suna hawaye. Kasuwa ba ta zagayo ba sai da motoci sunka yi layi, masu lodi na rigimar wa zai fara.

Jelani, kai ne bakin da ba a haya. Kawunka ya daina amsa gaisuwarka har bayan Sallah, ka ci gaba da zuwa kana durƙusawa. Ba ka zagi kowa a waya ba, ba ka roƙi a tausaya muna ba. Rudu kab buɗe, kac ce a duba.

Mun gode. Allah ya ƙara ma ido haske, ya sa ka gama lafiya.

Ku kuma samari da kowa ke son a kira shi kakaki, na ɗan siyasa, na ƙungiya, na kamfani: waya kowa na da ita, har mai shara. In za ku ce kaya na da kyau, ku fara tambayar kanku ko mai kayan zai yarda ya ciza gaban mutane. In ba zai yarda ba, ku rufe baki ku wuce rudu na gaba.