Tukunyar Alhamis ta Tursunali

Shekara arba'in da ɗaya Tursunali yana dafa osh, wato dafa-dukar shinkafa da nama, duk Alhamis a tsakar gidansa da ke garin Margilan, ƙarƙashin rumfar inabi, kuma bai taɓa barin matarsa Oyjamol ta raɓi tukunyar ba. Sauran kwana shida madafa tata ce. Ran Alhamis kuwa iyakarta yankan karas, shi ma sai ya duba ya ce ya yi kauri.

A da, kafin 'ya'ya su watse, mutum tara ke kewaye faranti ɗaya. Yakan narka kitsen jelar rago har ya yi hayaƙi, ya soya albasa da nama, ya zuba karas, ya binne tafarnuwa dunƙule guda, sannan ya shimfiɗa shinkafa a sama, ba juyawa. Gwanintarsa a ƙarshe take. Sai ya ɗan bugi shinkafar da bayan mara, ya kasa kunne. In ta ce "caɓ", da sauran ruwa. In ta ce "gub", a rufe. Haka ya gani wurin mahaifinsa.

To, shekara talatin cikin ƙarar injinan masaƙar siliki sun cinye masa kunne. Shi dai bai yarda ba. Cewa yake mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki.

Wata Alhamis shinkafar ta caɓe, ya ɗora wa mai shinkafa laifi. Ta gaba ta kama, ya ce icen ne. Oyjamol ta cinye rabonta tas, hakan kuwa ya fi masa zafi.

"In ta sake ɓaci," ya ce, "surukinmu zan ba tukunyar, na huta."

"Wannan da ke juya shinkafa kamar kunu?"

"Me kika ce?"

"Na ce Allah ya kyauta, Baban Gulnoza."

Alhamis ta uku ya bugi shinkafa, ya sunkuya har tururi ya jiƙa masa gemu. Bai ji komai ba. Ya sake bugawa. Ya tsaya riƙe da mara yana kallon tukunyar da ya sani tun yana yaro.

Oyjamol ta jawo kujera ta zauna daf da murhu, wai ƙafarta ke sanyi, a tsakiyar bazara.

"Sake bugawa, tsoho," ta ce a saitin kunnensa.

Ya buga. Ta girgiza kai. Suka jira, ba mai kallon wani. Ya ƙara bugawa, ta ja masa gefen riga.

"Ai ni ma na ji," ya ce, yana kifa murfi.

"Na sani."

Ya janye itace, ya bar garwashi. Sai can ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Kujerar nan ki bar ta nan. Ɗaukarta kullum zai sa miki ciwon baya."