Maraƙin da Gara ta Bari a Rami

Laburaren makarantarmu ta firamare, can wajen Ƙarfi, tsohon ɗakin ajiyar fartanya ne. Hedimasta kaɗai ke kiransa laburare, musamman in an yi baƙi. Kabad ɗaya ne a ciki, sai tabarmi da wata taga da ba ta rufuwa. Ni aka ɗora wa kula da shi don ni ne sabon malami, ba ni da bakin ƙi. Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba a lokacin, ni kuwa ina ji da kaina, gani nake zan gyara duniya da alli.

Littattafan na Turanci ne, 'yan aji ɗaya kuwa ko baƙaƙen boko ba su gama ganewa ba, don haka hoto muke karantawa. Nakan buɗe shafi in tambaye su me ke damun wannan, me kuma za su yi masa da suna wurin. Kullum maganata ɗaya ce, in sun ga mai wahala kada su wuce. 'Ya'yan Maguzawa da na Musulmi da na makiyaya, duk kan tabarma guda, kowa na tura kai ya gani.

Akwai wani littafi na wani jan maraƙi da ya ɓace wa garke ya faɗa rami. An zana shi ƙafar gaba a karye, baki buɗe, ido ya yi sama. Na juya shafi don mu ga yadda aka cece shi, sai na tarar gara ta riga mu. Ta cinye ƙarshen littafin tas, ta bar mana ƙasa da bango. Na ji haushi ƙwarai, cikin duk takardun da ke kabad ɗin ta rasa abin ci sai wannan.

Sai na ƙirƙiro musu ƙarshe da bakina. Na ce mai shanun ya zo da igiya, an jawo shi, an ɗaure ƙafar da kara. Yawancinsu suka yarda suka fita wasa. Wata yarinya 'yar makiyaya, siririya, mai kitso da wuri a goshi, ba ta motsa ba. Ta ce ita ba ta ga igiya ba. Ta kuma ce ƙafar da ta karye haka ba ta ɗoruwa, ta gani a rugarsu.

Daga ranar ta daina fita hutun ƙarfe tara. Da an kaɗa ƙararrawa sai ta zo ta tsaya bakin kabad, in ba ta littafin, ta buɗe ta duba ko ya fito. Tana kawo ɗanyar ciyawa a gefen zane ta ajiye kan shafin. Da farko dariya abin ya ba ni, har na tsokane ta na ce ta taho masa da nono gobe. Ba ta yi dariya ba. Ranar kasuwa uwarta ta tare ni da ƙwaryar nono a ka, ta ce me muka nuna wa 'yarta ne, ko fura ba ta sha, wai akwai wanda ke kuka ba a je ba.

Na yi tunanin ɓoye littafin. Na sake tunani, in na ɓoye shi, a wurinta na rufe maraƙin cikin duhu ne kawai. Na gwada zana ƙarshen da kaina, sai abin ya fito kamar jaki, yaran suka yi ta ƙyalƙyala. Ita ko kallo ɗaya ta yi masa ta kau da kai.

Wata safiya na shigo na tarar da yaran shiru, abin da ban saba gani ba. Sun shimfiɗa littafin a ƙasa, sun juya kan maraƙin ya fuskanci gabas. Yara maza sun danne gefunan shafin da hannuwa, yadda ake danne dabba. Yarinyar na durƙushe, riƙe da jan fensirin da nake duba aiki da shi. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na gane. A gidajensu, dabbar da ta karye ba ta tashi, ba a barinta tana wahala har ta zama mushe.

Ta miƙo mini fensirin.

"Malam, kai za ka yi. Mace ba ta yanka."

Na ce mata takarda ce fa. Ta ce ta sani.

"Amma kai ka ce kada mu wuce."

Na durƙusa. Ban taɓa yanka ko kaza da nauyin zuciya irin na ranar ba. Na yi bismilla, na ja jan layi a wuyansa. Ita ta sa tafin hannunta ta rufe masa ido, ta daɗe a haka, tana kuka ba sauti. Da ta ɗaga hannun idon na nan a buɗe, yana kallon sama yadda yake. Ta dube ni, ni kuwa ba ni da abin da zan ƙara yi masa.